Kwanon kasuwa ko tukunyar gida: ina ribarmu take zurarewa?

Duk wanda ke wuni a kasuwa, ko a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san abin da ke faruwa da zarar rana ta take tsaka. Sai mu ja akwatin ciniki, mu ƙirga 'yan canji, mu aiki yaro wajen mai shinkafa. Yau dala hamsin, gobe dala sittin, ba mu jin zafin fitarsu don kaɗan-kaɗan suke tafiya. Sai wata ya ƙare, lokacin saro kaya ya zo, mu tarar uwar kuɗi ta rame, mu kama zargin rashin kasuwa.

To bari mu zauna mu yi lissafi, tunda lissafi sana'armu ce. Farashi yana canjawa daga gari zuwa gari, don haka misali ne kawai za mu ba da, kowa ya sa farashin kasuwarsa a ciki. Mu ɗauka mace ce mai tebur da yara biyu da ke wuni tare da ita. Kwano uku a kan dala hamsin-hamsin, wato sefa 750 ke nan kullum. Cikin kwana 26 na kasuwa, ta kashe sefa 19,500 a abincin rana kaɗai.

Yanzu mu koma gida. Shinkafa in ta sha ruwa tana ninka nauyinta kusan sau uku, shi ya sa rabin kilo yake ƙosar da mutum uku. In an sayi kilo a kan sefa 600, rabinsa 300 ke nan. A ƙara 150 na mai, albasa, tattasai da itace, ya zama 450. Abin da ya rage a aljihu kullum shi ne sefa 300, a wata 7,800, a shekara kuwa ya haura jika 93. Wannan kuɗi ya isa ya ƙara jari, ko ya sayi tunkiya a turke kafin Layya. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba mu cika lura da ita ba, ita ce sayen ɗanyar shinkafa gwangwani-gwangwani ko ƙulli-ƙulli. Mu da ke kasa kaya mun fi kowa sanin cewa ribar mai kiri a cikin ƙaramin awo take. Mai sayen tiya ya fi mai sayen gwangwani samun sauƙi, mai buhun kilo 25 kuma ya fi su duka. In ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba, mata huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi kamar yadda muke adashe, su sayi buhu su raba.

Dalilin da ya sa muke nanata maganar shi ne, farashin shinkafa ba a hannunmu yake ba. Ana noma ta a kwarin kogin Isa, wajejen Tilaberi da Gaya, amma abin da ake samu bai isar ƙasa, mafi yawan wadda muke ci daga Asiya take zuwa, kamar Indiya da Tailan. Manyanmu na tune da 1994 da aka karya darajar sefa, da kuma tsadar 2008. A watan Yulin 2023 Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta, a cikin watan ne kuma aka rufe iyakar Benin, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Duk lokacin da irin haka ta faru, mai sayar da dafaffe ba ta cika ƙara kuɗi ba, cokali take ragewa. Mai buhu a ɗaka kuwa yana da 'yan makonnin numfashi.

Sai dai girkin gida ma yana da sharuɗɗansa. Na farko, buhu a ɗaka yana sa hannu ya saki. In ba a tsayar da gwangwani ɗaya na awo ba, abin wata biyu sai ya ƙare cikin wata guda, riba ta koma hasara. Na biyu, a ɗora buhun bisa katako, nesa da danshi da ɓeraye. Na uku, itace da gawayi kuɗi ne: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, in ruwa ya tsotse a janye wuta a bar turiri ya ƙarasa. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, dafaffar shinkafa ba ta jure zafi, balle a watan Afrilu da Mayu. A zuba ta da zafinta cikin kula mai murfi, a cinye da rana. Wadda ta wuni a buɗe ko ta kwana, kada a ba yara, don kuɗin magani zai haɗiye duk abin da aka tara.

Ba muna cewa a ƙaurace wa masu sayar da abinci ba ne. 'Yan uwanmu ne, da wannan sana'a suke riƙe da gidajensu, kuma baƙo, direba, ɗan dako da gwauron da ba shi da murhu ba su da madogara sai su. Mutum ɗaya tilo ma, in ya lissafa itace da lokacinsa, wataƙila sayen ya fi masa. Maganarmu da mai baki uku ko huɗu take, wadda ake hura wuta a gidanta kowace safiya.

Mu gwada na wata guda. Kullum mu jefa abin da ya ragu a asusu, ranar 30 mu fasa mu ƙirga. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.