Ya iya canji a shago, ya kasa lissafi a aji

Malamar ajinsu ta kira ni ta ce ɗana mai shekara bakwai sai ya maimaita aji, wai kansa bai buɗe wa lissafi ba tukuna. Abin ya ɗaure mini kai. Yaron nan fa shi ke tsare mini shago nan Kumasi in na tafi masallaci, kuma bai taɓa kuskuren canji ba.

Maganarta tana da tushe. Jean Piaget, masani ɗan Suwizalan, ya ce tunanin yaro hawa-hawa yake girma. Sai wajen shekara bakwai yake gane cewa ruwan da aka juye daga faffaɗan kofi zuwa dogo bai ƙaru ba. Na gwada ƙanwarsa mai shekara huɗu, ta rantse na dogon ya fi yawa.

Amma Lev Vygotsky, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya ce a duba abin da yaro ke iyawa in babba ya ɗan kama masa. A 1985 kuma masu bincike suka bayyana cewa yara masu talla a Recife ta Brazil suna lissafa kuɗin kwakwa daidai da ka, amma in aka rubuta musu a takarda sai su rikice.

Na koma makarantar da gwangwanin madara. Malamar ta tambaye shi kuɗin guda uku da Turanci, ya yi tsit. Na maimaita da Hausa, nan take ya amsa. Ta yarda ya wuce, da sharaɗin kullum bayan magariba mu rubuta cinikin ranar tare, da Turanci.