Bayanin hanyar hawaye daga ido zuwa maƙogwaro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, sababin wannan takarda wani almajirina ne mutumin ƙasar Makoɗa. Muna karatun babin azumi cikin Muhtasar na Shehu Halilu, muka kai inda aka ambaci abin da yake isa maƙogwaro ta hanci da kunne da ido, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ta hanci na gane, amma ido ina ƙofarsa take?" 'Yan'uwansa suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na daɗe ina biya wa mutane wurin nan yadda malamina ya biya mini, ƙofar kuwa ban san ta ba sai da na tsufa, idona na hagu ya kama zubar ruwa, aka kai ni wurin likitan ido a birnin Kano. Abin da na gani can, da abin da na bincika bayansa, shi na tara maka a nan.

Fasali a kan maɓuɓɓuga

Ka sani, ya kai ɗalibi, ido yana da kusurwa biyu. Wadda take wajen hanci Larabawa suna ce mata mu'uƙu, wadda take wajen kunne suna ce mata lihazu, mu kuwa wutsiyar ido. Fatar ido jafnu, gashinta hudubu, hawaye dam'u. Riƙe su, za ka gamu da su cikin littattafai.

Hawaye ba daga mu'uƙu yake fitowa ba, ko da yake can kake ganin ƙwalla ta taru. Maɓuɓɓugarsa tana sama da wutsiyar ido, ƙarƙashin ƙashin gira, wani ƙululun nama ne kamar ƙwayar gyaɗa babba, sunansa guddatud dam'iyya. Yana da 'yan kafofi sirara wajen 10 masu zuba a bayan fatar ido ta sama. Mutanen dā da yawa sun ɗauka hawaye daga ƙwaƙwalwa yake saukowa, har wani mutumin Danmak, Nils Sitensen, ya nuna kafofin nan a idon dabba cikin littafinsa na shekarar 1662.

Ruwan kuma ba ruwa ba ne zalla. Akwai yauƙi da yake manna shi ga ƙwayar ido, akwai maiƙo da yake rufe shi kada ya ƙafe da sauri, kamar man shanu a kan miya. Maiƙon daga bakin fatar ido yake tsattsafowa, ta wasu kafofi jere bayan gashi, wajen 30 a fatar sama, ta ƙasa ba su kai haka ba. Cikin ruwan da gishiri, da wani magani mai narka ƙwayoyin cuta wanda likita Filemin ya bayyana a Landan cikin 1922. Ido ba ya rabuwa da wannan ruwa dare da rana, ko ba a kuka. Ranar sussukar gero, ko ƙurar hunturu ta taso, ko hayaƙin kara ya cika ɗakin girki, sai maɓuɓɓuga ta ƙara ambaliya don ta wanke abin da ya faɗa.

Fasali a kan magudana

To, ruwan da yake zuba kullum ina yake tafiya, da ba a ganinsa a kumatu? Wani iska take shanyewa. Saura kuwa yana da rariya, yadda kowane gida na gari yake da rariya.

Ɗauki madubi ka tsaya a haske, ka ja fatar idonka ta ƙasa kaɗan, ka duba bakinta kusa da hanci. Za ka ga ɗigo baƙi kamar bakin allura, bai kai ƙwayar gero ba. Ita ce ƙofar da almajirina ya tambaya. Akwai 'yar'uwarta a fatar sama, biyu ke nan ga kowane ido. Duk ƙiftawa tana share ruwa daga wutsiyar ido zuwa gare su, tana kuma matsa shi ciki. Bayan kowace ƙofa akwai siririyar hanya, tsawonta wajen milimita 10, su biyun su haɗu su zuba cikin wata 'yar jaka da take kwance a gefen karan hanci, sunanta kisud dam'i, jakar hawaye. Daga jaka hanya ta gangara ta cikin ƙashi, kamar tsawon gaɓar ƙaramin yatsa, ta buɗe can cikin hanci daga ƙasa. Hanci kuwa bayansa maƙogwaro ne. Don haka mai kuka yake jan majina: hawayensa ne ya bi rariya. Wanda ya fi ƙarfin rariya shi ne yake kwarara a fuska, kamar soro in ruwan Agusta ya fi ƙarfin indararo.

Wannan ba da ji na sani ba. Likitan nan ya sa wani bututu siriri a ƙofar idona na dama, ya tura ruwan gishiri, kafin in ce uffan na ji shi a maƙogwarona na haɗiye. Ya yi haka a na hagu, ruwan ya komo waje. Ya ce, "Baba, wannan ta toshe." Na ce masa ya warware mini mas'ala a fiƙihu, ya yi dariya, yana tsammani wasa nake yi.

In hanya ta toshe, ruwa ya kwanta a jaka, yakan ruɓe ya zama kumburi mai zafi a gefen hanci, wani lokaci ya fashe da mugunya. Shi ne garabu, wanda Aliyu ɗan Isa na Bagadaza ya yi bayaninsa cikin Tazkiratul Kahhalina shekara dubu da suka wuce. Kada a tsaga shi da aska a gida. Jariri kuma akan haife shi ƙarshen hanyar bai buɗe ba, sai ido ya riƙa ruwa da kwantsa. Mafi yawansu tana buɗewa da kanta kafin shekara. Amma in ido ya yi ja ya kumbura da mugunya cikin kwanakin jego, wannan wani abu ne daban, a kai shi asibiti a ranar.

Fasali a kan hukunci

Yanzu ka koma ga mas'alarka. Mazhabar Imamu Maliku, yadda ya zo cikin Mudawwana ta Sahnunu, ita ce wanda ya sa kwalli da rana yana azumi, ya ji shi a maƙogwaro, ya rama ranar, ba kaffara a kansa. In bai isa ba, ba kome. In da dare ya sa ya sauko da rana, ba kome. An kuma ruwaito cewa mutane sun bambanta, wani yana isar masa, wani ba ya isa. Haka abin yake, ga idanuna biyu shaida. Shafi'iyya da Hanafiyya sun ce kwalli ba ya karya azumi ko an ji ɗanɗanonsa. Ba na shiga tsakanin manya, amma hanyar tana nan, mai shakka ya sa kwalli ya kaki, ya dubi kakin.

Maganin ɗigawa a ido hukuncinsa ke nan a wurinmu. Na ga dattijai masu hawan jinin ido suna ajiye maganinsu wata guda cur saboda tsoron wannan, abin da ciwon nan ya ci na gani kuwa ba ya komowa. Wannan kuskure ne. Ka faɗa musu su tambayi likita ko za a mai da shi bayan buɗa baki da lokacin sahur. In ba makawa sai da rana, a ɗiga, a runtse ido, a danne mu'uƙu da yatsa a jikin karan hanci minti 2. Ka toshe rariya ke nan, magani ya zauna inda ake bukatarsa. In duk da haka ya ji ɗacinsa, ya rama bayan salla, marar lafiya ne, yana da uzuri.

Saura guda, wadda mata ba za su so ta ba. Kwallin dutse da ake niƙawa, da yawansa dalma ce, an auna an gani. Abin da aka zizara wa jariri a ido, wani ya bi rariyar nan, wani ya murza da hannu ya kai baki, duka ciki suke tafiya, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Na hana a sa wa jikokina, an yi mini gunaguni kwana biyu, aka bari.

Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.