Ɗan Jami'ar da ke Kwana a Cikin Badala

Jami'ar Bayero haifaffiyar cikin birni ce, ko da yake yawancin ɗalibanta na yau ba su san haka ba. A shekarar 1960 aka buɗe ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Koyon Larabci da aka fi sani da SAS. Da aka kafa jami'a a Zariya a 1962 aka sa mata sunan Sardauna Ahmadu Bello, sai ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a 1977. Sannu a hankali ta yi ƙaura zuwa gindin ganuwa wajen Ƙofar Kabuga, daga baya kuma ta yi sabon mazauni can kan titin Gwarzo. Makarantar ta fita daga gari, amma 'ya'yan garin ba su bi ta da katifa da bokiti ba. Ɗan Yakasai ko Mandawari ko Soron Ɗinki da ya samu gurbi a Bayero, ko Jami'ar Northwest da gwamnatin Kano ta kafa a 2012, ko Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, galibi ɗan jeka-ka-dawo ne. A ɗakin da aka raine shi yake kwana har ya karɓi kwalinsa, kuma wannan shi ke tsara duk sauran rayuwarsa.

Wanda ya zo daga Jos ko Ilori ya kama gado a ɗakin kwanan ɗalibai, aikinsa ɗaya ne. Ɗan cikin gari kuwa bai daina zama ɗan gida ba don ya shiga jami'a. Shi ne zai tare ɗan garuwa da sassafe, shi zai kai ƙanne makaranta, in an yi rasuwa a unguwa ba ya cewa yana da jarrabawar gwaji. Gidan gado ne mai sassa da yawa, babu wani lungu da za a ce nan ne wurin karatun wane. Teburinsa tabarmar soro ce, ko barandar masallaci bayan an watse daga isha'i. Takardun darasi yanzu duk a waya ake turo su ta zauren WhatsApp na aji, saboda haka ranar da ba a kawo wuta ba, karatun ranar yana hannun mai cajin bakin titi.

Sai kuɗin mota, wanda ni a ganina ya fi kowane malami iko a kan halartar aji. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ce ƙafar talaka, kuma ba ta shiga yawancin lungunan birni. Sai ka taka ka fito bakin titi. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Daga nan ɗalibai suka koyi wani lissafin da ba ya cikin manhaja: wace lakca ce ta cancanci kuɗin mota? Ranar da darasi ɗaya ne kawai, sai a zauna a gida a jira wani ya ɗauko hoton allo. Malamin da ke kiran suna, ajinsa cike. Wanda ya saba soke darasi bayan mutane sun riga sun iso, ba a yafe masa da wuri, domin ba lokaci kaɗai ya ci musu ba, har da kuɗin abincin rana. Akwai masu takawa daga Gwale ko Ɗandago har tsohuwar jami'a, sannan su hau motar da ke jigila zuwa sabuwa.

A 2023 ne kuma jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta ware kusan naira miliyan 700 don biya wa 'yan jiha 7,000 da ke Bayero. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Tambayar farko da aka yi a Kano ba nawa za a bayar ba ce. Ita ce, akwai ruwa a ciki? Sai da aka tabbatar babu riba sannan wasu iyayen suka saki jiki, wasu kuma har yau suna ganin bai kamata yaro ya fara rayuwa da bashi a wuya ba.

To ina sauran kuɗin ke fitowa? Kasuwa. Kano ba ta taɓa ɗaukar ciniki a matsayin abin da wanda ya kasa karatu ke yi ba. Da an tashi daga aji, wannan ya nufi Kantin Kwari shagon kawunsa, wancan ya tafi Singa ko Ƙofar Wambai, wani yana gyaran waya a Farm Centre, wani yana da tebur na POS a bakin lungu, wani yana ɗinki. 'Yan matan ma ba a bar su a baya ba, sai dai nasu shagon a cikin waya yake: atamfa, mayafi, humra da turaren wuta, a ɗora hoto, a yi ciniki, a aika yaro ya kai. Matar aure da goyo a bayanta a ɗakin lakca ba abin kallo ba ce kuma.

Yajin aikin malaman jami'a ya ƙara tura su kasuwa. Na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya zauna wata takwas a shago ya san daɗin juya kuɗi, ya yi abokan ciniki, wataƙila ma an fara yi masa maganar aure. Da aka koma, jikinsa ya koma aji, rabin hankalinsa ya tsaya a Kwari. Digirin shekara huɗu ya zama na shida, kuma babu wanda ya biya shi shekarun.

Bayan jami'a da kasuwa, akwai makaranta ta uku da fom ɗin jami'a ba ya tambaya a kanta. Birnin da Wangarawa suka kawo wa littattafai tun zamanin Sarki Yaji, wanda Shehu Magili ya zauna a cikinsa a zamanin Muhammadu Rumfa, bai rufe zaurukansa ba. A Madabo da Kabara da unguwanni da dama, tsakanin magariba da isha'i, za ka tarar da ɗalibin kimiyyar kwamfuta a durƙushe gaban malam yana biya Ishmawi ko Risala. A nan ba a kora don rashin kuɗin rajista, ba a tafiya yajin aiki, kuma ba ka wuce babi sai malam ya gamsu ka gane. Ɗalibin da ya san tsarin biyu dole ya gwada su. Yakan yaba wa jami'a don ta koya masa tambayar hujja, yakan kuma yi mamakin yadda mutum zai haddace takarda daren jarrabawa, ya ci, ya manta, a ce ya yi ilimi. Tsohuwar gardamar ko boko ya dace da ɗan Musulmi ba ta dame shi ba. Kakanninsa sun gama ta.

Abin da ke damunsa shi ne abin da ke bayan kwalin. Kalmar da ta fi yawo a hirarsu ita ce hanya: wane ya samu aiki don yana da hanya, wance an ce sai ta biya kafin a ba ta takardar ɗauka. Sun ga yayyensu da digiri mai daraja suna koyarwa a makarantun kuɗi kan albashin da bai kai kuɗin motar wata ba. Don haka burin ya sauya fasali. Masu karatun likita da aikin jinya da harhaɗa magunguna har yanzu suna da tabbas. Wasu na harin tallafin karatu zuwa waje, irin wanda gwamnatin jiha ta farfaɗo da shi a 2023 ta tura ɗalibai Indiya da Yuganda. Mafi yawa dai suna son digirin ne don mutunci, da iya Turancin hulɗa da banki da kamfani, da kuma kada a raina su a gidan surukai. Abincin kuwa daga kasuwa suke sa ran sa.

Wannan rashin tabbas ne ya sa guguwar haƙar kuɗin kirifto ta 2024 ta kama su da ƙarfi. An yi watanni ana dannar fuskar waya a aji da masallaci da cikin adaidaita saboda Hamster Kombat, ana lissafin motar da za a saya. Da ta fashe a watan Satumba, abin da yawancinsu suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. An yi dariya, an yi wa juna tsiya, amma ban ga abin dariya sosai ba a ce matasa masu karatun lissafi da tattalin arziki sun fi yarda da wasan waya fiye da takardar da suke wahala a kanta.

Game da zamani, ra'ayinsu ya fi na iyayensu sassauci, bai kuma kai yadda iyayen ke tsoro ba. Suna TikTok suna kuma sukar abin da ake yi a cikinsa. Suna ƙorafin tsadar lefe da kayan ɗaki, samari da 'yan matan duka, amma kaɗan ne za su yarda a fara ragewa daga kansu. Maganar da ba sa wasa da ita ita ce ta faɗan daba da ƙwacen waya, domin wanda aka tare a lungu bayan magariba ba waya kaɗai ya rasa ba, ya rasa littattafansa da shagonsa da asusunsa a lokaci guda. Da yawa daga cikin 'yan daban nan tare suka yi makarantar allo, sun san su da suna, sun san kuma a ina hanya ta rabu.

Jami'o'inmu har yanzu suna tsara jadawali kamar kowane ɗalibi yana kwana a harabar makaranta ba shi da wani aiki: darasi ɗaya ƙarfe takwas na safe, na biyu ƙarfe huɗu na yamma. Da za a tattara darussan aji a kwana uku, a riƙa sanar da sokewa tun dare, a bar ɗakunan karatu na cikin gari a buɗe da wuta har bayan isha'i, da an rage wa ɗan birni rabin wahalarsa ba tare da an gina ko aji ɗaya ba. Kafin nan, lissafinsa yana kan alawus ɗin bautar ƙasa, wanda ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. Tun yana aji uku ya gama tsara nawa zai ci, nawa zai tara, da irin kayan da zai sara da shi in ya dawo.