Jirgin lilo: Nishaɗi ne ko wasa da rai?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba. An ɗaure mutane a kujeru, wani ɗan jirgi yana jan su sama a hankali a kan dogo, ƙas-ƙas-ƙas, har ya kai ƙololuwa. Ya ɗan tsaya, sai ya sako su ƙasa kamar an jefo dutse daga bene. Wani na ihu, wani na salati, wata ta sume ta farfaɗo ta sake sumewa. Shi ne abin da Turawa ke kira rola kosta. Mu kira shi jirgin lilo.

Duk inda aka kalli irin wannan bidiyo sai gardama ta tashi. Wasu su ce ko da kuɗi aka haɗa su ba za su hau ba, wai ina dalilin mutum ya biya kuɗinsa a tsorata shi? Wasu kuma su ce wannan tsoro ne kawai, da za su samu dama sau uku za su hau a jere. Kafin ka zaɓi ɓangare, ya kamata ka san yadda abin yake aiki, domin tsoron da kake ji idan ka kalle shi da haɗarin da ke cikinsa ba a wuri ɗaya suke ba.

Daga ƙanƙarar Rasha zuwa hamadar Saudiyya

Abin ya girmi kakanninmu. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha ke gina tudun katako su lulluɓe shi da ƙanƙara, su hau sama su sulalo. Shi ya sa har yau Faransawa da mutanen Sifaniya ke kiran jirgin lilo "duwatsun Rasha". Abin dariya, su kuma Rashawa "duwatsun Amurka" suke ce masa.

A Amurka, wani layin dogo da aka gina a 1827 a jihar Pennsylvania don sauko da kwal daga kan dutse ya rikiɗe ya zama abin yawon buɗe ido, mutane na biya a gangaro da su. A 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke New York, santi biyar kuɗin hawa, gudunsa kuma bai wuce kilomita 10 a awa ba. Wato mai keke ma zai wuce shi. A 1959 Disneyland ta kawo dogo na bututun ƙarfe, wanda ake iya lanƙwasa shi yadda aka ga dama, daga nan aka shiga tsere.

Yau tseren ya koma ƙasashen Larabawa. Formula Rossa da aka buɗe a Abu Dhabi a 2010 yana kai kilomita 240 a awa cikin kusan daƙiƙa biyar, har sai an ba ka tabarau na musamman saboda yashi da ƙwari. Falcons Flight da Saudiyya ta gina a Qiddiya, kusa da Riyadh, an tsara shi ya kai kilomita 250 a awa a kan dogon da ya haura kilomita huɗu. Ƙasashen nan na zuba kuɗi a harkar ne don jawo baƙi da rage dogaro da man fetur, kuma ihun da kake gani a wayarka talla ce da suke samu kyauta.

Mafi yawansu ba su da inji

Ga abin da zai ba ka mamaki: yawancin jiragen lilo babu inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa saman tudun farko, daga nan sai nauyinsu da gangara su ƙarasa aikin. Shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsayi. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji yayin hawa ma kariya ce, wani ƙarfe ne ke kama haƙoran dogo don ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma da baya ba. Irin su Formula Rossa kuwa harbo su ake yi tun daga farko.

To me ya hana shi tashi daga kan dogo? Tayoyinsa kashi uku ne: na sama, na gefe, da na ƙasa waɗanda suka rungume dogon. Wani injiniya, John Miller, shi ya yi rajistar dabarar tayoyin ƙasan a 1919. An kuma raba dogon gida-gida, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani gida sai wanda ke gabansa ya fita. Birkin da yawa daga cikin na zamani na maganaɗisu ne, ba ya jiran wutar lantarki kafin ya rage gudu.

Ka lura da zoben da jirgin ke juyawa a ciki, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ba da'ira ba ce cikakkiya, ya fi kama da ɗigon ruwa da aka kifa. An koyi darasi ne da wuya: wani da aka yi a Coney Island a 1895 da cikakkiyar da'ira ya riƙa ji wa mutane ciwo a wuya, saboda ƙarfin da ke danne su ya yi yawa. Na yanzu sukan danne ka da ninki huɗu ko biyar na nauyinka, na 'yan daƙiƙu kawai. Idan kilo 60 kake, za ka ji kamar ka kai 240. A saman tudu kuma sai ka ji kamar ba ka da nauyi ko kaɗan. Nan ne cikinka ke yin abin nan da kake ji idan direba ya faɗa gangara a guje.

Me ya sa mutum zai sayi tsoro?

Jikinka bai san wasa ba. Da ya ji yana faɗuwa sai ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru. Amma can cikin ƙwaƙwalwarka ka san a ɗaure kake, kuma nan da minti biyu an gama. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce daɗin da masoyansa ke bi. Shi ya sa za ka ga wanda ya gama kiran sunan mahaifiyarsa a sama ya sauko yana dariya yana cewa a sake.

Masanin halayyar ɗan Adam Marvin Zuckerman ya daɗe yana nazarin yadda mutane suka bambanta wajen son abin da ke tayar da tsikar jiki. Wasu haka aka halicce su, wasu kuma ko kaɗan. Don haka wanda ya ƙi hawa ba rago ba ne, wanda ya hau ma ba lallai jarumi ba ne. Mu da muka san hawan ƙaho da sukuwar dawaki a hawan sallah bai kamata wannan sha'awa ta zame mana baƙuwa ba. Bambancin dai shi ne sa ba ya bin lissafin injiniya.

Har wani amfani na ban dariya aka taɓa gano masa. A 2016 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki ƙodar roba mai ƙananan duwatsu a ciki suka yi ta hawa wani jirgin lilo na Disney World da ita, suka ga girgizar na taimaka wa duwatsun su fito, musamman a kujerar baya. Aikin ya samo musu kyautar Ig Nobel a 2018, wadda ake ba binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani. Kada dai mai ciwon ƙoda ya ce an ba shi magani, asibiti zai je.

Masu suka ma suna da hujja

Ta fuskar kuɗi, maganarsu abar dubawa ce. A manyan wuraren wasa, lokacin hutu mutum kan yi awa guda ko fiye a layi don abin da bai wuce minti biyu ko uku ba. Kingda Ka na jihar New Jersey, mai tsayin mita 139, wanda ya riƙe kambun tsayi tun 2005, hawansa bai kai minti ɗaya ba. An rufe shi a 2024, aka rushe shi a farkon 2025. Ga matashin da ke lissafin kuɗin data da na makaranta, ba laifi ba ne ya ce akwai abin da ya fi wannan.

Wasu kuma ta fuskar addini suke kallonsa, suna ganin ganganci ne da rai. Hukunci na malamai ne, amma duk wanda zai yanke shi yana buƙatar sanin girman haɗarin tukuna. Ƙungiyar masu wuraren wasa ta duniya, IAAPA, ta ƙiyasta cewa a wuraren wasa na dindindin a Amurka ana samun mummunan rauni kusan sau ɗaya a cikin hawa miliyan 15. Ka riƙe a ranka cewa masu sana'ar ne suka ba da alƙalumman, kuma na Amurka ne kaɗai. Duk da haka ka ajiye su kusa da na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce haɗuran mota na kashe kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara. Wanda ya hau acaɓa su uku babu hular kwano ya tafi wurin wasa, ya riga ya wuce wurin da ya fi haɗari kafin ya sayi tikiti.

Inda haɗarin yake ɓuya

Wannan ba ya nufin ba a mutuwa ko nakasa. Ana yi. Amma dubi abin da ke jawo shi.

A Yunin 2015, a Alton Towers da ke Ingila, jirgin The Smiler ɗauke da mutum 16 ya afka wa wani jirgin da babu kowa a ciki, wanda ya maƙale a kan dogo. Kwamfuta ta riga ta tsayar da komai, sai ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka sake tayar da shi da hannu. 'Yan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaya-ɗaya. Kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan biyar a 2016.

A Yunin 2023, a Carowinds da ke Amurka, wani baƙo ne ya ɗauki bidiyon tsagewar da ke jikin ginshiƙin Fury 325, yana motsi duk lokacin da jirgi ya wuce, sannan aka rufe shi. A watan ne kuma jirgin Jetline ya goce daga dogo a birnin Stockholm na Suwidin, mutum ɗaya ya rasu. A ƙarshen Yulin 2025 wani lilo mai juyawa, wanda ba na dogo ba, ya karye gida biyu a wani wurin shaƙatawa kusa da Ɗa'ifa a Saudiyya, sama da mutum 20 suka jikkata. Wataƙila ka ga bidiyon.

A irin waɗannan labarai da wuya ka ji an ce tsayi ko gudu ne ya yi ɓarna. Abin da ke maimaituwa shi ne ƙarfen da ya gaji, binciken da bai gano shi ba, da ma'aikacin da ya ƙetare ƙa'ida. Wannan kuma ya shafe ka kai tsaye, ko da ba ka taɓa riƙe fasfo ba. Ƙaramin lilon da ake cika shi maƙil ranar sallah, mai tsatsa a gindi da walda a kan walda, wanda babu wanda zai iya gaya maka ranar da aka duba shi, ya fi cancantar tsoronka fiye da dodon Abu Dhabi. Kuma shi ne ƙannenka ke hawa.

Kafin ka hau

Ka fara da jikinka. Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk an hana su hawa. Hawan jini kuwa yana iya zama a jikin matashi bai sani ba. Yaushe rabonka da awo?

Sannan ka dubi wurin. Ma'aikaci na bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana gwada makari, ko yana can yana danna waya? Ana auna tsayin yara, ko duk wanda ya biya ya hau? Idan makarin kujerarka bai kama da kyau ba, ka yi magana kafin a tashi, ba rashin kunya ba ne. Kada ka roƙi a bar ƙaninka ya hau idan tsayinsa bai kai ba, domin makarin ba a yi shi don jikinsa ba.

Ke kuma 'yar'uwa, ki ɗaure mayafi ko hijabinki tsaf, ki cusa bakinsa ciki, kada ki bar abin da iska za ta ja ko ƙarfe ya kama. Haka mai babbar riga da hula.

Wayar nan kuma a ajiye ta. Wayar da ta kuɓuce a gudun kilomita 100 jifa ce a fuskar wanda ke bayanka, shi ya sa a wasu wuraren Amurka sai an bi ka da na'urar gano ƙarfe kafin ka shiga layi. Idan don bidiyo kawai za ka hau, ko don kada abokai su ce ka ji tsoro, gara ka tsaya a ƙasa ka riƙe musu jakunkuna. Idan kuma ranka na so, lafiyarka ƙalau, wurin kuma ka ga alamar ana kula da shi, to bismillah, ka jingina kanka da kujera ka yi ihunka son ranka.

Kai fa, za ka hau ko jakunkuna za ka riƙe?