Matsi Ne Ke Tsayar da Jini, Ba Toka ko Man Birki Ba

Da zarar an yi hatsarin babur, ko wuƙa ta zame wa mahauci, sai shawarwari su yi yawa: wannan ya ce a zuba toka, wancan ya ce garin taba, makanike kuma ya rugo da man birki. Niyyar kowa alheri ce, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke toshe jijiyar da ta yanke. Jinin jikin baligi kusan lita 5 ne, kuma idan babbar jijiyar cinya ta yanke, yana iya rasa ransa cikin 'yan mintuna. Abin da ke cetonsa shi ne a sami tsumma mai tsabta, ko da riga ce ko ɗankwali, a ɗora a kan raunin, a danne da ƙarfin hannu biyu na aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa a leƙa ba. Idan tsumman ya jiƙe, a ƙara wani a kansa, don cire na farkon yana ɓalle jinin da ya fara daskarewa.

Wani zai ce ai ya ga an zuba toka jini ya tsaya. Gaskiya ne ya gani, sai dai ƙaramin rauni da kansa yake tsayar da jininsa, kuma mai zuba tokar yakan danne wurin da hannu, dannewar ce ta yi aikin. Abin da toka, ƙasa da kashin shanu suke bari a ciki shi ne ƙwayoyin cuta, har da masu haddasa cutar sarƙewar haƙora, man birki da fetur kuma ƙona nama suke yi. Likita sai ya wanke duk wannan kafin ya yi ɗinki.

Maganar cewa ɗaure hannu ko ƙafa yana jawo a yanke gaɓar, rabinta gaskiya ce. Waya ko siririyar igiya tana lalata nama, ɗaurin da ya yi sako-sako kuwa ƙara zubar jinin yake yi. Amma idan jini yana tsartuwa kuma dannewa ta gaza, ɗauri da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya, shi ne ke raba mutum da mutuwa. Likitocin sojan Amurka sun tabbatar da haka a yaƙin Iraƙi da Afganistan. A rubuta lokacin da aka ɗaure, kada kuma a sassauta a hanya.

Masu cewa kada a ba wanda ya ji rauni ruwa suna da gaskiya, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila za a yi masa tiyata. Haka nan wuƙa ko ƙarfen da ya nutse a jiki ba a zare shi, gefensa ake dannewa. Tsoron takardar 'yan sanda ma kada ya jinkirta kowa: a Najeriya dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da ita ba. Ka danne raunin, ka sa wani ya kira 112, ko 122 idan hatsarin hanya ne, kuma kada hannunka ya ɗaga har ku isa asibiti.