Faifan kwamfutar cikin kwamfuta ya nuna fanko? Kada ka yi fomat

'Yan uwa masu aiki da Hyper-V ko QEMU, wato kwamfutar da ake girkawa cikin wata kwamfuta, ga wata matsala da nake so mu kiyaye.

Kowane faifan ajiya an kasa shi ƙananan gidaje, ana ce musu sekta. A tsofaffin faifai gida ɗaya bayit 512 ne, a sababbi da yawa 4096, wato 4K. Teburin GPT, mai nuna inda kowane ɓangare ya fara, yana gida na biyu, kuma gidaje yake ƙirgawa, ba bayit ba. To in ka zuba Windows a kan 512, daga baya ka mayar da saitin 4096, kwamfutar za ta nemi teburin inda ba ya nan. Sai ta ƙi tashi, ta ce faifan fanko ne.

Kayanka suna nan lafiya lau. Fomat ne zai jawo asarar. Mayar da saitin yadda yake tun farko. A QEMU sunansa logical_block_size. In 4K kake so, buɗe sabon faifai irin VHDX ka kwafe kayanka ciki. Tsohon VHD 512 kawai ya sani.