Girgizar Ƙasa Ba Ta Da Ranar Alƙawari

Ƙasar da ake takawa ɓawo ne kawai. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yana tsakanin kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuwa da wuya ya wuce kilomita 10, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya tafiyar kilomita 6,371 ce. Ƙarƙashin ɓawon akwai dutse mai zafi da ya nutsa har zurfin kilomita 2,900. Dutse ne sosai, bai narke ba, amma zafi da nauyi sun sa yana jan jiki a hankali cikin miliyoyin shekaru. Daga nan sai narkakken ƙarfe, wanda jujjuyawarsa ke samar da maganaɗisun da allurar gano alƙibla ke bi. A can ƙurya, daga zurfin kilomita 5,150, akwai curin ƙarfe daskararre wanda zafinsa ya kai digiri 5,000.

Babu mahaluƙin da ya taɓa leƙa can. Ramin da ya fi kowane zurfi a cikin waɗanda ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262 a shekarar 1989, ko ɓawon bai huda ba. Abin da aka sani game da cikin duniya, girgizar ƙasa ce ta koyar da shi. Duk lokacin da ta auku takan aika igiyoyin motsi su ratsa duniya, na'urori a ƙasashe daban-daban su rubuta lokacin isowarsu. Akwai irin igiyar da ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa, kuma ɓacewarta a wani zurfi shi ya nuna akwai narkakken ƙarfe a can. Da irin wannan lissafi Andrija Mohorovicic na Kuroshiya ya gano iyakar ɓawo a 1909, Inge Lehmann ta ƙasar Denmak kuma ta gano curin tsakiya a 1936.

Ɓawon nan tare da saman dutsen da ke ƙarƙashinsa a fashe yake, ya kasu zuwa manyan faya-fayai bakwai da wasu ƙanana, kamar lakar bakin tafki da ta tsattsage da rani, samanta ya bushe ƙasanta da sauran laushi. Kowane faifai yana gusawa santimita kaɗan a shekara. A wani wuri faya-fayai biyu na rabuwa, kamar a tsakiyar tekun Atlantika inda narkakken dutse ke tasowa yana cike gurbin. A wani wurin suna karo, ɗaya ya nutse ƙarƙashin ɗaya ko su tattare su zama tsaunuka irin Himalaya. A wani wurin kuma gogar juna suke yi. Bakin faifai kan maƙale shekaru ɗaruruwa ƙarfi yana taruwa, ranar da dutsen ya kasa riƙewa sai ya suɓuce cikin daƙiƙoƙi. Wannan suɓucewar ita ce girgizar ƙasa. Haka ta faru a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, mai maki 7.8, inda faifan Larabawa ke tura yankin Anatoliya, mutane fiye da 50,000 suka rasu.

Bajamushe Alfred Wegener ya kawo maganar gusawar nahiyoyi tun 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 binciken ƙarƙashin teku ya tabbatar da ita. Shaidarta na nan a Najeriya. Gaɓar arewa maso gabashin Barazil ta dace da lungun tekun Gini, kuma duwatsun ɓangarorin biyu dangin juna ne. Sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka ke rabuwa, tsagar ta miƙa wani reshe cikin ƙasa, amma reshen bai kai ga zama teku ba. Shi ne kwarin Binuwai na yau.

Zariya tana zaune a kan tsohon dutse. Duk wanda ya hau Dutsen Kufena ya dubi falalen da kyau zai ga ƙwayoyi farare da baƙaƙe a curɗe da juna, manya har ana bambance su da ido. Ƙwayoyi ba sa girma haka sai narkakken dutse ya huce a hankali a can cikin ƙasa. Kufena ya daskare ne a zurfin kilomitoci, kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, sa'ad da tsofaffin ɓangarorin Afirka suka yi karo suka tayar da tsaunuka. Ruwa da iska sun cinye tsaunukan, saiwarsu ce ta rage. Irin wannan dutse ne ke ƙarƙashin jar ƙasar Muchia da Samaru da sauran Sabon Gari, shi ne masu haƙa rijiya ke cin karo da shi. Karon nan ya ƙare tuntuni. A yau Zariya tana tsakiyar faifan Afirka, tsakaninta da bakinsa na Atlantika ko na Bahar Rum akwai fiye da kilomita 2,000.

Tsakiyar faifai ma tana motsi jifa-jifa, domin tsohon karo ya bar tsofaffin tsagogi. Akwai wadda ta taso daga Ifewara a ƙasar Yarabawa ta bi ta Zungeru, akwai ta Kalangai da ta Anka, kuma a yankunansu ne ake samun zinaren Birnin Gwari da na Zamfara. An ji motsi a Ijebu-Ode a 1984. A Satumba 2016 an ji shi a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, bangaye suka tsage, mutane suka bar gidajensu. A Satumba 2018 ya taɓa Mpape da Maitama a Abuja, ya sake waiwayar Mpape a Satumba 2024. Duk waɗannan ƙanana ne. A Afirka ta Yamma an taɓa yin masu kisa, a Akara a 1939 da arewacin Gini a Disamba 1983. Saboda haka mai cewa ba a girgizar ƙasa a yankin nan ya yi kuskure, sai dai kuskurensa bai kai na mai sanya mata rana muni ba.

Ba a rasa saƙon da ke sanya wa girgiza rana duk lokacin da babbar girgiza ta faɗa wa wata ƙasa. Murya ce ta wani wanda ba a san ko waye ba, ko rubutu mai jan alama, ya ce masana sun gano za a yi girgizar ƙasa a Arewa ranar kaza da ƙarfe kaza, kowa ya kwana a waje, kuma don Allah a tura wa ’yan uwa. Kafin la'asar ya zaga WhatsApp, ya shiga majalisar mai shayi, ya kai zauren islamiyya. Wanda ya yi karatu ma sai a ga ya tura, wai ko da gaskiya ne. Wannan saƙo ƙarya ne duk ranar da ya zo, daga bakin kowa ya fito.

Dalili shi ne har yau babu wata hukuma ko jami'a a duniya da ke iya faɗin rana da wuri da girman girgizar da ba ta auku ba. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta sha bayyana cewa ita da sauran masana ba su taɓa yin haka ba. Tsagar da za ta suɓuce tana can kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, ba a ganinta, ba a iya auna yawan ƙarfin da ya taru a kowane taƙi nata. An gwada. A Parkfield ta Kalifoniya, inda ƙasa ta saba girgiza kusan duk shekara 22, masana sun kewaye wurin da na'urori suka ce za ta zo kafin 1993. Ba ta zo ba sai 2004, kuma ta zo ba sallama. A Sin an kwashe mutanen Haicheng a Fabrairu 1975 saboda ƙananan motsi sun yawaita, babbar ta biyo baya, rayuka da yawa suka tsira. Aka ɗauka an gano bakin zaren. A Yuli 1976 ta faɗa wa Tangshan ba wata alama, mutane fiye da 240,000 suka hallaka. Abin da Japan da Meziko ke da shi ƙararrawa ce da ke kaɗawa bayan girgizar ta riga ta fara, ta ba mutanen nesa daƙiƙoƙi kaɗan su fake. Idan masu wannan kayan aiki ba su san ranar ba, ina mai riƙe da waya a lungu ya samo ta?

Akan ce ai wani ya taɓa faɗa kuma ta faru. A kowace shekara ana yin girgiza mai maki 6 zuwa sama fiye da sau 100 a duniya, mai maki 7 zuwa sama kuwa kimanin sau 15. Wanda ya ce za a yi girgiza a wani wuri cikin makon nan bai faɗi komai ba, ko ya yi shiru za a yi. Masu irin wannan da'awa sukan yi ta harbi a duhu, sau ɗayan da suka dace shi ake yayatawa, sauran ɗarin a manta. Abin da masana ke iya yi daban ne: su dubi tarihin wuri da tsagoginsa su ce yiwuwar girgiza a nan cikin shekaru 50 tana da yawa ko kaɗan. Wannan lissafi na injiniyoyi da masu tsara gari ne, ba ya ɗauke da ranar Talata ko Laraba.

Jita-jitar kuma ba wasa ba ce. A Janairu 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar Haiti, saƙon waya ya zaga Gana cewa girgiza na tafe a daren, dubban mutane suka kwana a tituna da filaye, gari ya waye babu abin da ya faru. A irin wannan dare mai hawan jini ne ke shan wahala, da mai tsohon ciki, da jaririn da aka fitar cikin sanyi, ɓarawo kuma ya sami gidaje a buɗe. Mai tura saƙon yana da kaso a alhakin. Cewa “ni ma turo min aka yi” ba hujja ba ce ga baligi mai hankali, kuma addini bai yarda a yaɗa labarin da ba a tabbatar ba, balle wanda ke firgita bayin Allah. Sanin sababin girgiza bai rage komai daga ikon Allah ba, yadda sanin hadari bai hana a gode masa da ruwan sama ba. Mai sanya wa girgiza rana shi ne ya taɓa abin da ba nasa ba.

Akwai motsin da ɗan Adam ke jawowa, kamar na nakiyar masu fasa dutse da nauyin manyan madatsun ruwa, shi ya sa aka dakatar da fasa dutse a Mpape a 2018. Rijiyar burtsatse ta gida kuwa, wadda a Zariya yawanci ba ta kai mita 100, ba ta isa ta motsa faifan nahiya ba.

Haɗarin da ya fi kusa da mutumin Muchia yana jikin bangonsa. A watan Agusta, idan ruwa ya yi kwanaki yana sauka, akan ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta gangara har ƙasa, ƙofa ta daina rufuwa, nan take a ce ƙasa ta motsa. Da za a zaga bayan gidan, za a tarar da kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta a gindin bango yana cin tushe. Wani gidan an ɗora shi a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara, wani a gaɓar rafi, wani kuma bulonsa ana murza shi da hannu yana zuba saboda yashi ya rinjayi siminti. Irin wannan gini ba ya jiran girgiza, damina ɗaya ta ishe shi. A ƙasashen da ake girgizar ma, rushewar gini ce ke kashe yawancin mutane.

Saboda haka gyara daga tushe yake farawa. A haƙa shi har a wuce ƙasar ciko a sami mai tauri. Kada a gina a kan hanyar ruwa komai arhar filin. A gwada bulo kafin a saya, a tsaya a kan birkila lokacin kwaɓa kankare, kada a rage rodi don a rage kuɗi. Gidan da aka yi wa tushen ƙasa ɗaya ba a ɗora masa bene don iyali sun ƙaru, sai injiniya ya duba, kuma a nemi izinin hukumar tsara birane ta KASUPDA. A yashe kwata kafin ruwan farko, a karkatar da indararo daga gindin bango. Tsagar da ta bayyana a sa mata alama da alli a rubuta kwanan wata. Idan tana ƙara faɗi, ko bango ya fara yin ciki, a fitar da iyali daga ɗakin a kira masani, yaɓa siminti a kanta ɓoye cuta ne.

Idan kuwa aka ji ƙasa ta motsa da gaske, wanda ke cikin ɗaki ya durƙusa ya kare kansa, ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi in akwai, ya nisanci taga da kabad. Ba a rububin matakalar bene. Wanda ke waje ya matsa daga katanga da turakun lantarki da tankin ruwa. Bayan ta lafa a kashe gas, a duba bangaye kafin a koma ciki, domin ƙananan motsi kan biyo baya. A rubuta lokacin da aka ji ta da abin da aka gani, a sanar da mai unguwa da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.

Saƙon da ya zo da rana da sa'a kuwa a goge shi, a kuma gaya wa wanda ya turo dalili. Masu sa ido a kan motsin ƙasa a Najeriya sanannu ne: Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta NGSA, da cibiyar Toro a Jihar Bauchi da ke ƙarƙashin hukumar NASRDA. Sashen nazarin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana nan Samaru, kuɗin mota ɗaya daga Sabon Gari, ga duk mai tambayar da yake son a amsa masa da ilimi.